Tsumman Sholisho da Carbin Wazifa: Amsar da Na Kasa Ba Abokina a Tasha

  

Ya ƴan'uwa ahbabu, ni ba malami ba ne. Almajiri ne mai lazimi da wazifa, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi. Tambaya ce aka jefa mini a gefen titi na kasa amsawa, ta bi ni har kan buzun salla, shi ya sa na ga gara in shimfiɗa ta a nan, inda manya za su gani su gyara mini.

A hutun da ya wuce ina tasha a Maraɗi, ina jiran motar gida Cadakori ta cika, sai na hangi wani saurayi a jikin rumfar mai faci. Ya dunƙule hannu ya kai baki kamar mai hura wa yatsunsa ɗumi da hunturu, alhali rana tana tsaka. Na gane shi tun kafin ya ɗago. Tare muka yi makarantar allo. Shi ke ja mana karatu idan Malam ya shiga gida, kuma idan watan Maulidi ya kama shi ake miƙa wa yabo saboda daɗin murya. Ba zan faɗi sunansa ba, iyayensa suna raye. Na matsa na yi masa sallama, warin sholisho ya riga amsarsa iso ni. Idanunsa sun kaɗa, gefen bakinsa da hancinsa sun yi ƙuraje. Kafin in ce komai sai ya yi dariya ya ce: "Sayyadi, kada ka yi mani wa'azi. Ku ma na gan ku ranar Juma'a, kuna zikiri har wani ya faɗi sai da aka riƙe shi. Taku buguwar ta carbi ce, tawa ta dala ashirin ce. Mi ya raba mu?"

Na ce masa Allah Ya shirye ka, na shiga mota. Duk wanda ya san yadda muke furta wannan addu'a a irin wannan wuri ya san sau da yawa rufe ƙofa muke yi da ita.

Bari in fara da abin da ke cikin tsumman, don da yawa daga cikinmu suna tsinuwa a kan abin da ba su san yadda yake aiki ba. Sholisho gam ne na halal da masu faci ke liƙe tayar keke da babur da shi, masu gyaran takalma ma suna aiki da irinsa. Abin da ke hana shi daskarewa kafin a shafa wasu sinadarai ne masu saurin tashi su bi iska, mafi shahara a cikinsu ana kiransa toluwin. Akwai shi a tina da ake sirka fenti da ita, akwai shi a man fetur ɗin da ƴan ruwa-ruwa ke jerawa cikin kwalabe a bakin hanya. Giya sai ta sauka ciki kafin ta hau kai. Wannan kuwa tururi ne, daga huhu yake faɗawa jini, cikin daƙiƙoƙi ya isa ƙwaƙwalwa. Kuma sinadari ne mai narkewa cikin kitse, ƙwaƙwalwa kuwa cike take da kitse: jijiyoyinta suna lulluɓe da wani farin maiƙo kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Wannan lulluɓin ne shaƙa ta yau da gobe take ci. Daga nan ake samun mantuwa, rawar hannu, tangaɗi ko ba a shaƙa ba, nauyin harshe, raunin ji da gani. Ƙoda da hanta ma suna ɗaukar rabonsu, fetur kuma yana da wani sinadari, benzin, mai lalata ɓargon da ke ƙera jini. Mayen bai daɗewa, shi ya sa za ka ga hannun bai barin baki tun safe har dare. Wanda ya zuba a leda ya cusa fuska yana iya shaƙewa, wanda ya suma yana iya amai aman ya koma masa huhu. Akwai wata mutuwa ta daban da zan dawo kanta, domin a nan ne laifinmu ya shigo.

To, mi ya raba mu?

Amsa mai sauƙi ita ce a ce wannan haram ne wancan ibada ce, a tashi. Gaskiya ce, amma ba ta taɓa abin da ya tambaya ba. Shi yana cewa ne: ku ma kuna neman fita daga hayyacinku, ni ma haka, hanya ce kawai ta bambanta. Kuma dole mu yarda cewa kalmar maye ba shi ya ƙaga mana ita ba. Magabatanmu da kansu suka yi amfani da ita. Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu a shekara ta 465 bayan Hijira, ya ware wuri a Risalarsa inda ya yi bayanin kalmomin mutanen Allah, a ciki har da sukuru da sahawu, wato maye da wartsakewa, da gaiba da huduri, wato ɓacewa da halarta. Mawaƙan sufaye kuwa sun cika baitocinsu da giya da ƙoƙo da mai shayarwa. Wanda bai sani ba idan ya ji sai ya ɗauka mashaya ake siffantawa.

Abin da na fahimta daga karatun da muka yi a zaure shi ne, ba a taɓa ambaton gaiba ita kaɗai ba, kullum da abokiyarta take zuwa. Bawa yana ɓacewa daga halitta ne gwargwadon halartarsa tare da Mahalicci. Kamar uwa ce da aka kawo mata ɗanta daga tafiyar shekara goma: ana yi mata magana ba ta ji, tuwo yana ƙonewa ba ta sani ba. Ba wanda zai ce hankalinta ya gushe. Taruwa ya yi gaba ɗaya a wuri guda har bai bar saura ga sauran abubuwa ba. Abokina kuwa idan ya ɓace, ina yake halarta? Babu ko'ina. An kashe fitila ne kawai. Ɗakin yana nan da kayansa, yunwar tana nan, bashin yana nan, kunyar komawa gida hannu biyu tana nan, shi dai ya daina ganinsu na ɗan lokaci. Idan fitilar ta dawo kuma ta dawo da rauni fiye da jiya.

Sannan shi hali ba a sayensa. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina. Mutanen Allah suna cewa hali kyauta ce da ke sauka a zuciya ba da ƙoƙarin bawa ya jawo ta ba, ba kuma zai iya riƙe ta idan za ta tafi ba. Muridi yana iya shekara yana wazifa bai ji komai ba sai ciwon gwiwa, kuma wazifarsa ta inganta. Ba a umurce shi da ya ji wani abu ba, an umurce shi da ya zo ya zauna da alwala ya ambaci Allah. Mai tsumma kuwa shi ke riƙe da makunnin a hannunsa, ko haka yake zato, har ranar da zai gane makunnin ne ke riƙe da shi.

Akwai kuma ma'aunin da Imamu Junaidu na Bagadaza ya bar mana, shi da aka sani da fifita wartsakewa a kan maye. Littattafan sufaye sun kawo cewa an ba shi labarin Abul Husaini Annuri ya kwana da kwanaki a tsaye yana ambaton Allah, bai ci bai sha. Abin da Junaidu ya fara tambaya shi ne ko yana kiyaye salla a kan lokacinta. Da aka ce yana yi, sai ya gode wa Allah da Ya tsare shi daga Shaiɗan. Wato ko a ƙololuwar hali, alamar gaskiya ita ce Shari'a ba ta zube ba. Wannan shi ne abin da Shehu Tijjani (RTA) ya ɗora mu a kai da ya ce a auna duk abin da aka ji daga gare shi da ma'aunin Shari'a, abin da ya saɓa a bar shi. Ita kuwa aya ta 43 a Suratun Nisa'i da ta hana mai maye kusantar salla, dalilin da ta bayar shi ne sai mutum ya san abin da yake faɗa. Halin da ke mayar da kai salla kana sanin abin da kake faɗa fiye da dā, da halin da ke hana ka sanin ko azahar ta yi, ba za su zama abu ɗaya ba don kawai duka biyun suna iya kayar da mutum ƙasa.

Har nan na yi nasara a kan abokina, a takarda. Amma akwai wani ɓangare na maganarsa da ban iya turewa ba, kuma ina roƙon ƴan'uwa su yi mini uzuri. A cikinmu matasa akwai masu zuwa zikirin Juma'a don neman abin da jiki ke ji. Idan sauti ya ɗaga, sahu ya ɗauki kaɗawa, tsikar jiki ta tashi, sai mu ce yau zikiri ya yi daɗi. Ranar da ba mu ji ba sai mu ce yau babu faila. Akwai wanda bai fashin majalisin da ake yabo da lasifika, amma lazimin asuba, wanda ake yi shi kaɗai cikin duhu ba mai gani, istigfari 100, salati 100, hailala 100, yana yi masa nauyi kamar dutse. Ni na san wannan mutumin don na sha zama shi. Duk ranar da na je zawiya don in manta da jarrabawar da na faɗi ko kuɗin haya, ina neman a kashe mini fitila na awa ɗaya, to a niyya ban yi nisa da mai tsumma ba, sai dai ni Allah Ya rufa mini asiri ya sa abin da na kama mai tsarki ne, mai warkarwa ko da an zo masa da gurguwar niyya. Wannan falala ce, ba gwaninta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duka biyun da numfashi ake yin su. Baligi yana numfashi tsakanin sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ka ɗauki 15 ka lissafa, za ka samu 21,600 a yini da kwana. Mutanen Allah sun daɗe suna kiran waɗannan jarin bawa, kowane ɗaya idan ya fita ba ya dawowa, kuma ba a san adadin da ya rage a asusu ba. Hailala kanta a kan numfashi take hawa: ka kore kowa da fitarsa, ka tabbatar da Ɗaya. Abokina yana da irin jarin da nake da shi, huhu iri ɗaya, kuma na shaida nasa ya fi nawa iya ɗaukar sunan Annabi (SAW) zuwa kunnuwan mutane. Wannan ƙofa da aka buɗe ta don rai ya shiga, ita ce yake shigar da abin da ke cinye shi ta cikinta.

Ta fuskar hukunci ba zan daɗe ba, malamai sun gama magana. Masu cewa ai ba giya ba ne, ba a sha, shaƙa ake yi, hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya game duk abin da ke bugarwa da sunan giya da hukuncin haramci. A mazhabarmu ta Malikiyya, Imamu Ƙarafi a littafinsa Alfuruƙ ya raba masu taɓa hankali gida uku: mai bugarwa tare da nishaɗi, mai ɓata hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai kwantarwa har gaɓɓai su daina ji. Bambancin yana shafar haddi da najasa, amma babu gidan da aka halatta wa mutum ya gusar da hankalinsa don wasa. Ko a wane gida ka sa sholisho, hankali yana cikin abubuwa biyar da Imamu Gazali ya ce Shari'a ta zo ta tsare, rai ma haka, kuma wannan abu yana cin duka biyun. Mu Tijjanawa da aka san mu da nisantar taba, ta sha da ta shaƙa, ba mu da abin yin gardama a nan.

Sanin hukunci bai taɓa cire tsumma daga hannun kowa ba. Abokina ya san hukuncin, ya yi Ahalari da Ishmawi tare da ni. Daga baya na bincika labarinsa a gida. Gero bai kai su ko rabin shekara ba, ya tafi cin rani Najeriya, ya dawo ba komai, ya ji kunyar shiga gari sai ya tsaya Maraɗi yana taya mai faci aiki. A nan gwangwanin yake, buɗe, tun safe har magariba. Masu shaƙa suna cewa yana kashe yunwa, yana kashe sanyin dare ga mai kwana a rumfa, yana kashe tsoro. Ya fi tramol arha, kuma ba a ɓoye shi, don kayan sana'a ne. Duk wanda ya san ƙauyukanmu daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa ya san yawan samarin da ke fita bayan girbi, da yaran da ake turawa almajiranci birni ba guzuri. Tun 2019 kuma ga dubban ƴan'uwanmu da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da nan Cadakori. Ba su suka kawo sholisho ba, mun san shi tun kafin su zo. Ina nufin yaran da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba sun ƙaru a tsakaninmu, kuma duk mai ɗauke da irin wannan kaya yana neman inda zai sauke. A makwabciyarmu Najeriya, binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa wani abin maye a cikin shekara guda, kimanin 300,000 daga ciki masu shaƙe-shaƙe ne. Iyakar Ɗan Isa da Jibiya ba ta tare irin wannan.

A Ostireliya, inda shaƙar fetur ta addabi ƙauyukan ƴan asalin ƙasar, a 2005 aka fito da wani man mota mai suna Opal wanda aka rage masa sinadaran da ke bugarwa, kuma shaƙar ta ragu ƙwarai a inda aka kai shi. Mu ba mu da matatar da za ta yi mana haka gobe. Amma masu faci da masu shago da ƴan ruwa-ruwa nawa ne ke zama sahu ɗaya da mu a wazifa? Wanda ya miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu sholisho, alhali ya san yaron ba shi da ko keke, ya san abin da ya sayar.

Yanzu ga mutuwar da na ce zan dawo kanta. A 1970 wani likita a Amurka mai suna Millard Bass ya wallafa rahoton matasa 110 da suka faɗi matattu nan take bayan shaƙa, ba tare da leda ta shaƙe su ba. Abin da aka lura da shi shi ne da yawansu sun mutu ne bayan sun zabura da gudu ko wani abu ya firgita su. Bayanin likitoci shi ne waɗannan sinadarai suna sa zuciya ta kasa jure adirenalin, sinadarin da jiki ke saki idan an tsorata. Sai bugunta ya rikice, ta tsaya. Yana iya faruwa ga wanda ya shekara goma yana yi, yana iya faruwa a shaƙar farko. Ku dubi abin da muke yi idan muka tarar da yaro da tsumma a bayan masallaci: tsawa, bulala, a bi shi da gudu. Wanda ya ɗaga sanda don kishin addini yana iya zama sanadin tsayawar zuciyar yaron a gabansa. Abin da masana ke cewa a yi shi ne a yi masa magana a hankali, a janye abin ba da kokawa ba, a kai shi inda iska ke kaɗawa, a nisanta shi da wuta, idan ya suma a kwantar da shi a gefensa a nemi likita. Nasiha sai ya wartsake.

Da na karanta wannan sai hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Sayyadina Umar ya faɗo mini, na sahabin nan mai suna Abdullahi da ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Annabi (SAW) dariya, wanda aka sha kawowa saboda giya. Da wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da ManzonSa. Ba a ɗage masa hukunci ba, ba a kuma kore shi daga da'irar masoya ba. Mu da muke kiran kanmu ahbabu, wannan shaidar ta fi shafarmu fiye da kowa. Wa ya ba ni tabbacin cewa son da ke cikin muryar nan da ta sa dattawan garinmu kuka a daren Maulidi ya mutu?

Wannan bai warware komai cikin sauƙi ba. Wazifa tana da sharuɗɗa, ana shimfiɗa farin ƙyalle, Jauharatul Kamali ba a karanta ta sai da alwalar ruwa a wuri mai tsarki. Ba za a zaunar da mai maye a da'ira ba, kuma iyayen da ke turo ƙananan yara zawiya suna da haƙƙin su ji tsoron wanda zai koya musu. Na kai wa muƙaddaminmu maganar ina zaton zai zaɓi ɗaya, ko a kore ko a shigo da shi. Sai ya tambaye ni ko abokin nawa ya ci abinci ranar da na gan shi. Na ce ban tambaya ba. Ya yi shiru har na ji kunya. Daga baya ya ce zawiya tana da da'ira tana kuma da zaure, da'ira tana da sharaɗi, zaure kuwa ba shi da shi, kuma tuwon da ake kawowa bayan isha'i ba a taɓa tambayar mai ci ko da alwala ba. Ya ce in ya zo a buge a ba shi tabarma ya kwanta, in ya zo a wartsake a ba shi buta. Ya kuma ce a nema masa aikin da babu gwangwanin a kusa, kuma a kai shi likita, don abin da ya kama jiki ba a ce masa addu'a kaɗai ba. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya daina, musamman da wuri, wani sashe na abin da ya lalace yana dawowa a hankali.

Da na koma Maraɗi na je rumfar sau biyu ban same shi ba. A na uku na same shi da safe, hannunsa ba komai tukuna. Na sayo mana ƙosai da kunu muka zauna a kan tsohuwar taya. Duk wannan bayani da na rubuta ban faɗa masa ko kashi ɗaya ba, na dai ce masa tambayarsa ta hana ni barci, sai ya yi dariya ya ce shi ya ma manta ya yi ta. Na ce Malam yana gaishe shi, kuma ya ce Maulidin bana ba a samu mai ja kamarsa ba. Bai amsa ba. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya tambaye ni ko mahaifiyarsa ta san inda yake. Na ce ban gaya mata ba. Ya ce kada in gaya mata tukuna.

Mun yi alkawari zan biyo masa ranar Juma'a bayan la'asar. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a Fatiha.